Allunan Mijin Yayata

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma mijin yayata ya riga mu komawa. Ni ban samu jana'izarsa ba. Ina Tawa wurin aiki saƙo ya iske ni, kafin in sauka daga wannan mota in hau waccan in iso Gure, har an yi sadakar uku. Duk da haka ƙofar gidan ba ta rabu da mutane ba. Aka matsa mini a kan tabarma, na zauna cikin masu karɓar gaisuwa, ina ta cewa amin.

Wani dattijo ya zo daga Kelle, ya yi addu'a, ya shafa, ya girgiza kai ya ce, "An yi rashi. Mutumin da zai zauna cikin ɗaki yana ganin abin da ke bayan sama." Wani mai raƙuma daga Gidigir ya ce shi ya sha zuwa ana korarsa, amma bai riƙe a ransa ba, don ya san manyan malamai ba kowa suke yi wa aiki ba. Wani tsohon abokin aikinsa, wanda suka koyar tare a kwalej, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kansa yana ja, sai dai ya ƙarar da kansa a kan abin da ba ya kawo ko dala." Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne limamin unguwa, mutumin kirki, da kyakkyawar niyya ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yafe masa ɗan abin da ya taɓa na duba, don mutum ne mai sallar jam'i." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, don ba a musu a kan tabarmar makoki.

To, yanzu an naɗe tabarmi, bari in yi musuna. Mijin yayata bai taɓa yi wa kowa duba ba. Malamin lissafi ne, kuma abu guda ya bi fiye da rabin rayuwarsa, ya rubuta shi a kan alluna irin na makarantar allo, sun haura ashirin, suna jere a ɗakinsa na kusa da zaure. Allunan nan na zo in kwafe. Jakata cike take da sababbin kaye, wato littattafan rubutu, da na saya a Damagaram a kan hanya. Da na shiga cikin gida in yi wa Yaya gaisuwa, na iske kuka da barka sun haɗu, don matar babban ɗansu ta haihu washegarin rasuwar bayan ta sha wuya. Na durƙusa na gaida Yaya, na yi wa mai jego barka, amma ba zan ɓoye ba, idona yana kan ƙofar ɗakin nan. Na ga kwaɗo a jiki, na ga makullin ɗaure a bakin zanen Yaya, na ce alhamdu lillahi, an yi hankali. Ba a tambayar mai takaba makulli ran da aka zo, sai na koma waje na zauna ina jira.

Baƙo ne a Gure. Mutumin yamma ne, daga wajen Dogon Dutsi. Yana saurayi aka tura shi karatu ƙasar Rasha, can ya haɗu da lissafin yadda abubuwan sama ke jan juna. Bai gama ba aka kira shi gida, aka ce ƙasa tana bukatar malamai, aka jefo shi nan, a lokacin da in an turo ma'aikaci Gure danginsa jaje suke yi masa. Ya sauka da akwatin ƙarfe ɗaya cike da takardu, da wata kwat mai kauri wadda bai sake sakawa ba har ta mutu a rataye. Babanmu manomi ne, bai san lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya ba shi Yaya, ya ce mutumin da bai iya tsugunawa gaisuwa ba amma ba ya rasa asuba a masallaci, ana iya gyara shi. Ba a gyara shi ba. Shi ne dai ya koyar da ni, ta dalilinsa na zama malamin lissafi, kuma da yake ni ƙanin mata ne, ni kaɗai ke iya ce masa Baturen Rasha in kwana lafiya. Shi kuma Sarkin Gaggawa yake ce mini.

Wanda duk ya zauna ajinsa ya san maganarsa guda: "Nuna mini hanya." Kana iya kawo masa amsa daidai, in ba ka nuna yadda ka iso gare ta ba, sifili zai zana maka, ya zagaye shi da kyau kamar yana yi maka ado. Bai taɓa dukan yaro ba. Kallonka kawai zai yi ta saman tabarau, ka gwammace da bulala ce. Kuma mutumin da aka ce yana karanta taurari, ni ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya dubi sama ba. Kullum kansa a ƙasa yake tafiya, hannu a baya, ya wuce surukinsa a hanya bai gan shi ba.

Sau ɗaya na ji ya yi bayanin abin da yake nema da Hausa tsantsa. Wata hantsi ce, Yaya tana sheƙar gero a tsakar gida, ta gaji da kiransa ya karya kumallo, ta ce, "Wai Malam, don Allah, me ya ɓace maka ne a ɗakin nan?"

Sai ya fito, ya jawo turmi ya ajiye, ya ɗauko ƙaramar ƙwarya ya ajiye nesa kaɗan. Ya ce turmi Duniya ce, ƙwarya Wata ne, suna zagaya juna, kowanne yana jan abin da ke kusa da shi. Ya tsinci ƙwayar gero ɗaya ya ɗaga.

"Wannan kuma ƴar ƙarama ce, ba ta jan kowa, ita ake ja. Ina za ki ajiye ta ta yi ta tafiya tare da su, ba ta faɗa wa wannan ba, ba ta faɗa wa wancan ba?"

Yaya ta ce, "Tsakaninsu mana."

"Kowa haka yake cewa. Akwai wuri a tsakani, gaskiya ne, amma zaman ƙwai ne a bayan kifaffiyar ƙwarya. Ƙuda ya taɓa shi, ya tafi ke nan."

Ya zana layi a rairayi daga turmi ya ratsa ƙwarya. Ya ce wurare biyar ne gaba ɗaya. Uku a kan layin nan suke, kuma duk ukun ba su da amana. Sauran biyun a gefe suke, ɗaya nan, ɗaya can, inda turmi da ƙwarya da ƙwayar gero za su zauna kamar duwatsun murhu, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa daidai. Ya ajiye ƙwayar a wurin. Ya ce a nan ko an ture ta, kewaye wurin za ta yi ta yi ba ta bar shi ba, muddin babban ya ninka na biyun wajen sau ashirin da biyar, Duniya kuwa ta ninka Wata sau tamanin da ɗoriya. Ya ce wannan duk an san shi tun kafin a haifi kakanninmu.

Yaya ta ce, "To, in an sani, kai me kake nema?"

Ya nuna sama da yatsa, bai ɗaga kai ba. "Waccan. Rana. Ba a sa ta a lissafin ba, ita kuwa tana can tana jan dukkansu. In an sa ta, wurin yana zaunuwa ko ba ya zaunuwa? In yana zaunuwa, faɗinsa nawa? Shi ne ya ɓace mini."

Yana cikin magana wata kaza ta zo ta tsince ƙwayar ta wuce abinta. Yaya ta ce, "Ga amsarka nan. Zo ka sha kununka." Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, ni kuwa ban taɓa ganin haƙoransa haka ba sai ran nan.

Abin da ya jawo masa bala'in sunan mai duba ƙaramin abu ne. Wata shekara ya gaya wa ƴan ajinsa cewa ran kaza wata zai yi husufi, kada su tsorata, inuwar Duniya ce kawai. Abin da ke rubuce a kowane kundin kalanda na Turawa. Aka yi husufin a ranar da ya faɗa. Da gari ya waye, kafin ya fita aiki, zaure ya cika. Wannan akuyarsa ta ɓata, wancan yana son ranar da zai yi shuka, wata ɗanta ya tafi Libiya shiru. Ya yi bayani, ya sake bayani, ya rantse, ya kore su. Suka tafi suna cewa ai dama mai abu ba ya nuna kansa.

Daga nan duk abin da ya yi sai ya zama hujja a kansa. Lokacin da jam'iyyu suka yi yawa, wani mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya zo da rago, ya ce a duba masa. Ina nan zaune. Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, abu huɗu marasa rai, ba su da baki, ba su da dangi, ba sa cin goro, sun gagare ni shekara da shekaru. Kai kana so in lissafa maka mutanen Gure?" Alhajin ya yi murmushi irin na wanda ya gane, ya ɗaure ragon a ƙofa ya tafi. Malam ya kwance shi da kansa, ya ja shi tsakiyar gari da rana tsaka ya mayar. Alhajin ya faɗi zaɓe. Gari ya ɗauka cewa ai tun ran da Malam ya mayar da rago aka san an gama. Da ya ci, da sun ce Malam ya yi aikin ne don Allah.

Allunan su suka ƙarasa ɓata lamarin. Da can a takarda yake aiki. Wata damina ya tafi ganin gida, ya dawo ya buɗe akwatin ƙarfen nan ya iske gara ta shiga ta wata ƴar huda a ƙasa, ta mayar da aikin shekaru ƙasa. Yaya ta ce ya daɗe bai yi wa kowa magana ba, in ban da sallama. Da ya farfaɗo sai ya tafi wurin masassaƙi ya sa aka yi masa alluna manya, ya koyi dafa tawada da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin kara. Ya ce allo yana rataye a ido, gara ba ta cinsa a ɓoye, kuma in ka yi kuskure wankewa za ka yi, ba ka ɓata komai ba. Ga idonsa ya fara rauni, yana son rubutu manya baƙi ƙirin. Hujjojinsa duk masu kyau ne, shi dama bai taɓa rasa hujja ba. Amma ka dubi abin da idon mutanen gari: dattijo a ɗaki shi kaɗai, da allo, da tawada, bisimilla a sama, a ƙasa da'irori da kusurwoyi da wasu haruffa da ba na Larabci ba, ba na boko ba. Wa zai ce musu ba hatimi ba ne?

In ya wanke allo, a gindin wata bishiyar lemun tsami yake zubar da ruwan. Wata rana ya leƙo ya ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta tsuguna tana kwasar jiƙaƙƙen rairayin a gefen zane. Ya ce, "Iya, wallahi kuskure ne na wanke. Lissafi ne da bai fita ba." Ta ce, "Allah ya ƙara asiri, Malam," ta ƙulle abinta ta tafi. Ya shigo yana huci, ya ce da ni, "Ka gani? Kuskurena ma sun fi son sa da gaskiyata." Daga ranar ya koma wanki a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Ba zan ce mugun mutum ba ne don yana korar mutane. A shekarun da ake ta yajin aiki, lakwal a rufe wata da watanni, shi ya ajiye aiki tuni, amma ya buɗe zaurensa, duk yaron da ke da jarrabawa a gaba ya zo, mace ko namiji, ba ya karɓar komai. Akwai likitoci da malamai yau da suka fita daga zauren nan. Da yawansu sun zo gaisuwa, sun yi kuka na gaskiya. Amma ko su, in ka tambaye su abin da ke ɗakin ciki, sai su ce Malam dai yana da nasa abubuwan.

Faɗanmu da shi a kan allunan ne, kuma har yau ina kan bakana. Duk hutun da na zo sai na ce a kwafe su a takarda, a yi biyu, ɗaya a nan, ɗaya a wurina. Ya ce ba a kwafe abin da bai tabbata ba. Bayan da darajar kuɗi ta faɗi, takarda ta yi tsada, na ɗauka ita ce matsalar yana jin nauyin faɗi, sai na ɗauro masa kaye ƙunshi guda. Da na dawo hutu na gaba na gan su a hannun yaran maƙwabta, an rubuta musu sunayensu a bango da kyakkyawan rubutunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Malam, gara ta yi maka sau ɗaya, ba ka daddara ba?"

Ya ce, "Gara takarda ta ci. Kai kuma takarda ka kawo mini."

"To, in ka mutu fa?"

Yaya daga madafa ta ce, "Auta, wane irin baki ne wannan?"

Shi ko a jikinsa. Ya ce, "Ƙyale shi, tambaya ce mai kyau. In na mutu ban gama ba, babu abin kwafa. In na gama, zan kira ka."

Na ce, "Wannan ba ilimi ba ne, taurin kai ne. Ka zauna a ƙarshen duniya kana rubutu a kan itace, ba wanda ya san kana yi, sannan kana fushi don an ce maka boka."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Sarkin Gaggawa, ka gama?" Ya shige ɗakinsa. Hutun nan har ya ƙare gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da zan tafi ya rako ni tasha kamar yadda ya saba, hannu a baya.

Ganina da shi na ƙarshe da Babbar Sallah ne. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan an ci nama ya yafito ni, ya shigar da ni ɗakin, ya tura ƙofa. Allunan suna jere a jikin bango tun daga bakin ƙofa har kusurwa, kowanne yana ɗorawa daga inda na gabansa ya tsaya. Ya ce, "Na samu."

Na tsuguna na fara karantawa. Na farko na bi shi, na biyu na bi shi, ina zuwa tsakiya ya tsere mini, don ya bi ta wata hanya da ban taɓa gani a littafi ba. Aiki ne na makonni, ni kuwa da safe zan kama hanya, jarrabawar ɗalibaina ta matso. Na ce ya bar ni in kwafe ko rabi ne. Ya ce a'a, in an kwafe abin da ba a gane ba, kuskure ake kwafewa. In zo da hutun damina, mu zauna, yana faɗi ina rubutawa, ina musu yana kare kansa.

Na ce, "To, ko amsar ce gaya mini. Yana zaunuwa ko ba ya zaunuwa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "In na ba ka amsa ba hanya, me ya raba ni da abin da suke cewa ni ne?"

Na roƙe shi. Na yi masa wasan ƙanin mata, na yi masa fushi, na ce zan kai ƙararsa wurin Yaya. Ya yi ta murmushi kamar yaron da ya ɓoye alewa. Damina ba ta sauka ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Kada a ce na ce ya yi daidai. Ban sani ba. Wataƙila akwai kuskure kwance a wani allo a tsakiya. Wataƙila wani a wata ƙasa mai na'urori ya riga shi da shekaru, labari bai iso Gure ba. Amma mutumin da ya yi wa abu bauta haka yana da haƙƙin a duba aikinsa, a ce masa ka yi daidai ko ka yi kuskure, ko da bayan ransa ne. Wannan kaɗai nake nema masa, kuma shi ya zaunar da ni a kan tabarmar nan ina haɗiye maganganun mutane.

Aka yi sadakar bakwai, washegari aka raɗa wa jariri suna, aka mayar masa da sunan kakansa. Da baƙi suka ragu, bayan azahar, na shiga wurin Yaya na zauna a bakin tabarmarta. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Yaya, makullin ɗakin Malam nake so. Akwai aikin da ya bar mini."

Ba ta ba ni ba. Ta tashi da kanta, ta gyara lulluɓi, ta wuce gaba ina bin ta. Ta buɗe kwaɗon ta tura ƙofa.

Allunan suna nan, a jere, yadda ya bar su. Fari fat. An wanke su tas, har an goge gefuna. Na ɗauki na farko na juya bayansa, na ɗauki na biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya har kusurwa kamar wani zai ba ni mamaki. Ko ɗigo babu.

Na ce, "Wa ya shiga nan?"

Ta ce, "Ni ce."

Ta jingina da ƙofa, ta yi bayani a hankali, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce ana fita da gawa naƙuda ta kama yarinyar, surukar tata, ta kwana ta wuni abu ya ƙi. Ungozoma ta ce sai an kai ta Damagaram, aka nemi mota ba a samu ba. Yarinya ta fara fita hayyacinta, uwarta tana birgima a ƙasa. Yaya ta ce, "Na rufe miji jiya, in rufe suruka da jika yau? Sai na tuna da ɗakin nan."

"Yaya, lissafi ne. Ke da kanki ya yi miki bayani. Kin fi kowa sanin ba rubutun sha ba ne."

"Na sani."

"To, don me?"

"Ba da bisimilla ya fara kowanne ba? Ba da alwala yake zama ba? Shekara nawa ina kai masa abinci yana hucewa a bakin ƙofar nan? In duk wannan bai isa ya ceci rai ɗaya a gidansa ba, to me ya yi?"

Na ce, "Ko da ɗaya kika wanke. Ko biyu. Duka, Yaya?"

Ta ce, "Ban san wanne ne mai ƙarfin ba."

Ta ce an ba yarinyar ruwan wankin ta sha, aka shafa mata a ciki, kafin la'asar ta sauka lafiya. Labari ya fita, mata suka yi ta zuwa da ƴan kwanoninsu, ta rarraba musu don ba ta iya hana maƙwabta. Sannan ta sa kwaɗo don kada a sace allunan su kansu.

Na so in yi ihu. Na so in ce mata ungozoma ce ta yi aikinta, lokacin haihuwar ne ya yi. Na so in ce ta kashe shi karo na biyu, ta kuma tabbatar wa Gure har abada abin da ya mutu yana ƙaryatawa. Amma daga can cikin gida ina jin kukan jaririn, ga ta tsaye gabana cikin kayan takaba, idanunta sun faɗa. Wa zan yi wa faɗan? Ita da ta ga rai yana fita? Shi da na roƙa shekara da shekaru ya ƙi? Sai na zauna a kan buzunsa na riƙe kai.

Allah ya jiƙanka, mijin yayata. Allah ya yafe maka taurin kanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka iske can abin da ka nema a nan, da hanyarsa duka. Wanda ya karanta wannan ya shaida, malamin lissafi ne, kuma na gan shi da idona ya kai ƙarshen aikinsa.

Ina nan zaune Yaya ta fita, jim kaɗan ta dawo da wata ƴar kwalba a naɗe cikin tsumma, da kofi. Ta tsuguna gabana ta tsiyaya. Ruwa ne baƙi-baƙi, ya fara kwantawa a ƙasa.

Ta ce, "Na ɓoye maka naka tun kafin mata su zo. Na san duk duniya ba wanda ya kai ka son abin da ke ciki."

Ta miƙo da hannu biyu. Na dubi kofin, na dube ta. Ba a mayar wa mai takaba hannu. Na karɓa, na yi bisimilla, na shanye. Ɗanɗanon gawayi ne da ƙaro, da ɗan rairayi a ƙarshe.